Haɗa motar sana'ar wanke gilashi a Kano: nauyi, ruwa, ƙura da zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, ina son in fara sana'ar wanke gilasan bankuna, filazoji, otal-otal da gidajen bene. Na ga ana yi da doguwar sanda mai buroshi da tataccen ruwa, ba sai an hau tsani ba. Ina da halin sayen tsohuwar Hiace ko kurkura. An ba ni shawarar in ɗora tankin nan mai keji na lita 1,000 a baya, in kuma sa injin tace ruwa a cikin motar. Yaya ake haɗa ta, kuma me zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, shawarwarin nan biyu duka ka jingine su. Tanki mai keji wurinsa gida, injin tace ruwa ma wurinsa gida, a inuwa. Abin da mota za ta ɗauka shi ne ruwan da aka riga aka tace, lita 400 zuwa 500 in Hiace ce, lita 200 in kurkura ce, a cikin tankin da aka ɗaure da ƙarfe har ƙasan motar.

Lissafin nauyi shi ne farko, tun kafin ka biya kuɗin mota. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne cif. Mota yawanci tana da ɗan falen ƙarfe ko takarda a ginshiƙin ƙofa ko kusa da kujerar direba, inda kamfani ya rubuta iyakar nauyinta har da kaya. Ka cika tankin mai, ka kai ta sikelin manyan motoci irin na masana'antun Sharaɗa da Bompai ba tare da kaya ba, sannan ka cire abin da sikeli ya nuna daga lambar da ke kan falen. Ragowar ita ce lodinka. Hiace ta kaya yawanci tana faɗawa kusa da tan ɗaya. To, zuba lissafi: ruwa kilo 500, tankin kansa wajen 30, firam ɗin ƙarfe 40, daɓen katako 45, batir 30, tiyo da abin naɗinsa 25, tsani da keriya 40, sanduna da bokitai da tarkace 30, kai da yaronka 140. Kun kai kilo 880, saura kaɗan. Da tankin lita 1,000 za ku doshi kilo 1,400. Motar za ta tafi, ba a musu, kowa ya ga Hiace ɗauke da abin da ya fi haka a hanyar Dawanau. Sai dai tafiya daban, tsayawa daban, kuma birki da taya ba a yi su don wannan nauyin ba. Bakanike zai ce a ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin. Wannan yana ɗaga bayan mota ta daina durƙusawa, amma bai ƙara wa birki komai ba.

Kurkura kuwa, wato Suzuki Carry da Daihatsu Hijet da danginsu, a Japan kilo 350 aka yanka mata. Ruwa lita 200 da tanki da firam da batir da tiyo sun cinye shi. Tana da amfaninta: ba ta shan mai, tana shiga lungu, ba ta wahalar fakin a gaban filaza. In shaguna da gidaje masu hawa ɗaya ko biyu za ka fi yi, ta isa, ka riƙa komawa cika ruwa da rana. In kana hangen kwangilar banki ko otal da sanda biyu, Hiace. Ka nemi wadda ƙasanta bai ruɓe ba. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma ƙarama, domin duk ginin da za a yi a kan wannan ƙasan zai zauna, kuma motocin da suka yi zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan zo da tsatsar da aka rufe da baƙin fenti.

Lita 500 ba kaɗan ba ne. Sanda ɗaya tana cin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a minti, kuma a yinin aiki ruwa ba ya gudu fiye da awa uku zuwa huɗu, sauran lokacin a jan tiyo da matsawa da jiran maigadi yake tafiya. Kusan lita 300 zuwa 400 ke nan ga mutum ɗaya. Da hunturu a ƙara, saboda ƙura.

Sai ruwan kansa, wanda shi ne asirin sana'ar. Dalilin da ya sa ake iya barin gilashi ya bushe da kansa ba tare da an goge ba shi ne an cire gishirin da ke narke a ruwan. Ruwan bohol, komai haskensa a ido, yana ɗauke da wannan gishirin, kuma idan ya bushe sai ya bar fararen ɗigo-ɗigo a gilashi. Ana auna shi da 'yar mitar TDS mai kama da biro, lambarta ppm, wato yawan gishirin da ke narke a ruwan. Ita ce abu na farko da za ka saya, kafin mota ma. Abin da ake so a bakin buroshi shi ne 0 zuwa 5, idan ya kai 10 tabo ya fara, musamman a kan baƙin gilashi mai ɗaukar ido da filazojin Kano suka fi sawa, wanda ba ya ɓoye komai. Ka auna boholinka, ka auna na maƙwabta, ka auna ruwan famfo in yana zuwa muku, ka auna abin da 'yan garuwa ke kawowa. Bambanci tsakanin unguwa da unguwa, kai har tsakanin gida da gida, yana da yawa, kuma bohol ɗaya yakan canza tsakanin damina da bazara.

Hanyar tacewa biyu ce, ana haɗa su. Akwai rezin, wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana da ake zubawa a tulun faiba, ruwa ya ratsa su ya fito 0. Akwai kuma injin RO, mai matse ruwa ta cikin tantani ya cire kashi 95 zuwa sama na gishirin. Rezin shi ne mai cin kuɗi, ana sayar da shi a buhun lita 25, kuma lita ɗaya nasa giram 25 zuwa 30 na gishiri kawai yake iya kamawa kafin ya mutu. Idan ruwanka 300 ne ka zuba shi kai tsaye, tulun lita 11 da ƙyar zai ba ka lita 1,000, aikin kwana biyu ko uku. Idan RO ya fara sauke shi zuwa 10, wannan tulun zai yi maka ninki talatin na haka. Saboda haka ruwan da ke ƙasa da 50 rezin kaɗai ya ishe shi, wanda ya haura 100 kuwa sai da RO, in ba haka ba ribarka a buhun rezin za ta ƙare.

Jerin na gida shi ne: tankin ajiye ɗanyen ruwa inda laka za ta kwanta, famfon ƙara ƙarfi, filtar laka mai maikiron 5, filtar gawayi, tantanin RO mai lamba 4040, sannan tankin tataccen ruwa. Tulun rezin kuwa a mota zai zauna, shi ne tacewar ƙarshe. Filtar gawayi ba ado ba ce. Ruwan famfo na matatun Tamburawa da Challawa ana sa masa kulorin, kuma kulorin yana cinye tantanin RO, ya mayar da shi rariya. Ruwan bohol da ke barin jan tabo a bahon wanka yana da sinadarin ƙarfe, shi kuma toshe tantanin yake yi, sai an bar shi ya sha iska ya kwanta tukuna. RO yana zubar da aƙalla rabin abin da ya sha. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka ba a barin wannan ya bi kwata, a tara shi don banɗaki da wankin tsakar gida.

Me ya sa ba a cikin mota ba? Tantanin RO ba ya son zafin da ya wuce digiri 45. A watan Afrilu iskar Kano kanta tana haura 40, cikin rufaffiyar mota a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga shi yana tacewa a hankali, yana buƙatar wuta da ruwa mai ƙarfi, abubuwan da ba za ka samu a gaban bankin mutane ba. A Ingila suna sawa a mota saboda famfon yawancin gidaje na da ƙarfi, abin da suke tsoro kuma ƙanƙara ce, har da hita suke sa wa motocin. Kai duk wannan bai shafe ka ba. A gida, duk sa'ar da aka kawo wuta ko sola ta yi ƙarfi, injin ya yi ta ɗiga cikin tankin nan mai keji. A nan ne yake da amfani. Ka tabbatar ba kemikal ko mai aka taɓa zubawa a ciki ba, ka lulluɓe shi da baƙar leda ko ka yi masa rumfa, domin farar roba tana barin haske ya shiga, gansakuka ta tsiro. Da safe ƙaramin famfo da tiyo mai inci ɗaya su cika maka mota cikin minti goma zuwa sha biyar.

In jarin bai kai na RO ba tukuna, ga mafita: kamfanonin fiya wata da na ruwan gora da yawa suna da shi. Ka je da mitarka, ka auna a bakin famfonsu, in ya yi ƙasa ku yi ciniki su riƙa cika maka, kai kuma ka ƙarasa da rezin. Kada ka yarda da baki, wasunsu filta da fitilar kashe ƙwayoyin cuta kawai gare su, wannan kuwa ba ya rage gishiri. Ruwan sama na tsakiyar damina daga rufin kwano mai tsabta, bayan an bar na farko ya wanke rufin ya zube, shi ma lambarsa ƙasa take.

Yanzu ginin motar. A bi shi a jere: bakanike, mai gyaran bodi, daɓe, firam da tanki, wayarin, sannan aikin famfo. In aka sa tanki kafin a gama da ƙasa, sai an sake kwance komai.

A cire kujerun baya da kafet, a kankare tsatsa har farin ƙarfe, a like ramukan notin kujeru, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da na sama. Sannan a shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 12 zuwa 18, wanda aka shafe gaba da baya da gefuna tukuna, domin ta gefe yake shan ruwa ya kumbura. A sama a zuba faiba irin ta masu gyaran bamba, a ɗaga ta santimita 10 a jikin bango ta zama kamar tire, ko a sa falen alminiyam mai zanen hana santsi a bi gefunansa da gam mai roba. A huda ramuka biyu na fitar ruwa a kusurwoyin baya, a sa musu guntun fayif su zarce ƙasa. Ruwa zai zuba a motar nan kullum, kuma tataccen ruwa ya fi na bohol saurin cin ƙarfe. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a ba mai walda ya ƙera tankin da baƙin ƙarfe ko kwano: zai yi tsatsa, ya kuma ɓata lambar ruwan da ka sha wahalar saukewa. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Tankin ya zama shimfiɗaɗɗe, gajere, mai shamaki a ciki. Dogon tankin gida mai zagaye yana ɗaga nauyi sama, a kwana sai ya nemi kwantar da mota. Shamakin kuwa, duk wanda ya taɓa goya jarkar da ba ta cika ba a bayan babur ya san yadda take fizgarsa a kowane birki. Ka ninka wannan sau ashirin. Cikakken tanki ba ya wannan rawar, rabin tanki shi ne mai haɗari, kuma da rabin tanki za ka fi yawo. In ba a samu mai shamaki ba, a yanyanka fayif ɗin roba mai inci 4 gutsi-gutsi, tsawon tafin hannu biyu, a huhhuda su, a wanke su sosai, a cika tankin da su ta murfi. Suna karya ƙarfin ruwan, kuma ba sa cin wuri da yawa.

Mazauninsa tsakiyar mota, daga bayan kujerun gaba, gaban ƙafar baya. In ya koma can baya, gaban mota ya yi sauƙi, sitiyari ya riƙa yawo. In ya karkata gefe ɗaya, sifirin da tayar wannan gefen su riga sauran mutuwa. A Hiace mai inji a ƙarƙashin kujera, a bar sararin da bakanike zai ɗaga kujerar da murfin inji, a kuma duba inda batirin motar yake kada firam ya danne murfinsa.

Batun ɗauri shi ne inda bai kamata a yi rowa ba. A karon da mota ke gudun kilomita 50 a awa, kaya yakan tunkuɗo gaba da ƙarfin da ya kai ninki ashirin na nauyinsa. Tankin kilo 500 ya zama tan 10 ke nan, a bayan wuyanka. Igiyar roba, bel ɗin ɗaure kaya da 'yan zobban da kamfani ya sa a ƙasan mota ba za su riƙe wannan ba. A ƙera firam da ƙarfen angul mai 50 da 50 da kaurin milimita 5, ya kewaye gindin tankin, ya hau gaba da baya, ya haye ta sama da sanduna biyu, a sa roba tsakaninsa da tankin kada ya goge shi ya huda. A ɗaure firam ɗin da noti mai lamba M12, wanda aka buga 8.8 a kansa, aƙalla guda shida, takwas ya fi. Su ratsa katako da ƙasan mota, a ƙarƙashi kowanne ya samu falen ƙarfe mai faɗin santimita 10 da 10 da kaurin milimita 6, domin ƙasan mota siriri ne, washa kaɗai zai yage ya fito. Inda ya yiwu a kama da ƙarafan da suka gitta ƙarƙashin motar. A Ƙofar Ruwa ka duba kan notin da idonka, wanda ba shi da lamba na ƙofar gida ne. Kafin a huda kowane rami a leƙa ƙasa: tankin mai, fayif ɗin birki da na mai, da wayoyi duk nan suke bi. A yi waldar firam a waje sannan a shigo da shi, kada a yi walda a jikin shasi, in kuma dole a taɓa bodi da wuta a cire kan batir. Tsakanin direba da kaya a sa bangon ƙarfe ko raga mai kauri. Ba ita ke riƙe tanki ba, ita ke tare bokiti da abin naɗin tiyo.

Tayoyi su zama na kaya, masu harafin C a lambarsu, kamar 195R15C. Lambobi huɗu na ƙarshen jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya 'yar Kwatano da lodi da kwaltar watan Afrilu ba sa haɗuwa lafiya.

Aikin famfo bai da wuya. Daga gindin tanki: makunni, 'yar rariyar tare datti, tiyo mai rabin inci, famfo mai bol 12 da ƙarfin psi 100 wanda ke ba da kusan lita 5 a minti, tulun rezin, sai abin naɗi mai tiyo siriri na milimita 6 ko 8, tsawon mita 100. Famfon ya zauna ƙasa, kusa da tanki, a kan robobinsa. Ka sa masa kwantirola mai rage gudu, tana rage cin ruwa da wuta, tana kuma tsayar da famfo idan an rufe ruwa a sanda. Ba tare da ita ba famfo zai yi ta kunna kansa yana kashewa har makunnin matsin da ke kansa ya ƙone, kuma wannan ita ce lalacewar da aka fi gani. Ta biyu ita ce shan iska: famfo na kuka, ruwa na fita da tsartuwa, to akwai kilif ɗin da ya saki tsakanin tanki da famfo, ko rariyar ta toshe. Zafi yana tausasa tiyo, don haka kowane haɗi a sa masa kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, a sake ɗaure su bayan mako na farko. Murfin tanki ya samu ƙaramar kafar shaƙar iska mai raga, in babu, famfo zai tsotse tankin ya lotsa. In kuma kafar a buɗe take ba raga, ƙurar hunturu ta shiga. Abin naɗin tiyo a ɗaure shi da noti kusa da ƙofar baya ko ta gefe, a yi wa tiyon mafita ta ƙasa mai 'yan tayoyin gungurawa, yadda za ka kulle mota kana aiki a bayan gini. Batir da sanduna ba sa daɗewa a buɗaɗɗiyar mota.

Wuta: kada ka ja daga batirin mota, ranar da za ka gama aiki ta ƙi tashi tana nan tafe. Sa batir na daban, rufaffe, irin na sola, mai 100Ah. Famfo ɗaya da kwantirola yana jan amfiya 4 zuwa 5, awa huɗu 20Ah ke nan, kuma batirin dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, don haka ya ishi famfo biyu. Dogon batirin inbata mai ruwa bai dace ba, asid ɗinsa na fantsama a gargada, yana kuma fitar da iska mai kama wuta idan yana caji. Caji hanya biyu ne. Ko rile mai haɗa shi da batirin mota idan inji na aiki, da waya mai milimita 16 da fiyus a kowane ƙarshe, ko faifan sola mai wat 150 a kan rufi da kwantirolarsa. A cikin gari tafiyar gajera ce, minti ashirin daga Zoo Road zuwa Nasarawa ba ya cika batir, ranar Kano kuwa tana mayar da abin da famfo ya ci har da ragi. Sola ta fi dacewa. Wayar famfo ta zama milimita 2.5 ta jan ƙarfe zalla, fiyus mai amfiya 10 zuwa 15 dab da kan batir, kowace waya da za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Batirin a akwati, a ɗaure, a ɗage shi daga ƙasa, nesa da inda tulun rezin ke ɗiga. Ka ce wa mai wayarin ba ka son murɗe waya da salatif, kan waya na matsewa kake so. A rufi a sa 'yar fankar nan mai juyawa da iska, tana fitar da zafi da raɓa.

Sanda: a ƙiyasta mita 3 ga kowane hawa. Mai mita 6 zuwa 7 ta gama da bene mai hawa ɗaya da mafi yawan aikinka, mai mita 10 zuwa 11 don filazoji. Ta kabon ta fi sauƙi a hannu kuma ba ta lanƙwasa, ta faiba ta fi araha amma da ta wuce mita 7 sai ta yi nauyi tana rangaji. Abin da ya fi farashi muhimmanci a Kano shi ne wayar wuta. Kabon da alminiyam suna ɗaukar lantarki, jiƙaƙƙiyar faiba ma ba abin yarda ba ce, kuma a titunan kasuwanci da yawa wayoyin 11kV da 33kV dab da fuskar gini suke wucewa. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, tana tsallakowa. Kafin a zare sanda a ɗaga kai a duba, kuma "ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce, ana iya kawo ta kowane lokaci. Inda waya ta matso, a bar wannan fuskar ko a yi ta daga ciki. Ma'ajiyar sanduna fayif ne mai inci 4 da aka ɗaure a saman bango ta ciki. A keriya tsani kawai, da kwaɗo. Ƙura tana shiga gaɓoɓin sanda ta riƙa cin su, sai a riƙa zare ta ana ɗauraye ta duk mako.

Kada ka cika motar da kayan sanda ka manta da na hannu, domin gine-ginenmu ba duka ke karɓar sanda ba. Tagar da ke da ƙarafan tsaro ta waje, da mai ragar sauro, da luba, duk sai hannu. Tagogin alminiyam masu zugewa kuma da yawansu ramukan fitar ruwansu sun toshe da ƙasa, in ka sakar musu ruwa sai ya gangara kan kafet ɗin ofis. A ware kanta a gefe ɗaya, mai leɓe don kada kaya su zubo: robar share ruwa mai santimita 25, 35 da 45 da sauyin robobinsu, soson shafa, dogon bokiti, sabulun ruwa, tsummoki masu laushi a rufaffen bokiti, buroshin share raga, ƙaramin tsani mai buɗewa. Farin tabon da ruwan AC ko siminti ya bari tataccen ruwa ba ya fitar da shi, sai maganin cire tabon gilashi, a gwada a kusurwa tukuna. Reza ba ta hawa gilashin da aka manna wa leda ko mai rufin ɗaukar ido. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga yankin Bodele na Chadi, tana da kaifi, in aka goge ta a bushe sai ta zana gilashi. Ruwa tukuna, daga firam na sama, sannan buroshi, sannan ɗauraya. Wankin farko na ginin da ya daɗe ba a taɓa ba yakan ci ninki biyu na ruwa, a sa wannan a farashi. Gilashin da rana ke dukansa yana busar da ruwa kafin datti ya gangaro, don haka fuskar yamma da safe, ta gabas bayan azahar. Kayan nan dai su ne na wanke faifan sola, wanda ya cika rufin gidaje da gidajen mai a yanzu, shi ma da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Takardu: motar fasinja da aka mayar ta kaya a je wurin VIO a gyara bayaninta, a gaya wa kamfanin inshora akwai tanki a ciki, a tanadi abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, safaya da jak saboda jami'an kiyaye haɗurra da KAROTA. Rubutun talla a jikin mota yana da kuɗin izini, a biya a riƙe rasit a motar. Tagogin baya a rufe su da falen ƙarfe ko raga ta ciki maimakon baƙar leda, wadda ke jawo maganar izinin 'yan sanda. Ka sayi robobin tsayarwa masu launin lemo guda huɗu don inda tiyo ya gitta hanyar mutane.

Kafin aikin farko, a cika tanki a bar shi ya kwana, da safe a bi kowane haɗi da busasshen tsumma. A koma sikeli da cikakken ruwa da mutum biyu, a auna ƙafar gaba daban, ta baya daban, a gwada da lambobin da ke kan falen, domin mota tana iya zama daidai a jimla amma baya ya wuce ƙima. Sannan a rage ruwan zuwa rabi, a sami fili, a taka birki da ƙarfi a gudun kilomita 30 sau uku ko huɗu, a shiga ƙarƙashi a duba ko wani fale ya lotsa ko fenti ya tsage kusa da noti. Katako yana kwanciya a ƙarƙashin firam, don haka a sake ɗaure notocin bayan mako ɗaya, sannan duk wata uku.